Minti 5 na Wasa da Yaro Mai Yawan Fushi

Ɗana na da shekara 4 lokacin da likitar halayyar yara ta koya mini wannan dabara. Daga tsarin PCIT take, wato tsarin koya wa iyaye yadda za su yi mu'amala da yara don gyara halayensu, wanda masaniyar halayyar ɗan Adam Sheila Eyberg ta ƙirƙiro a Amurka.

Kullum ki ware minti 5, ki zauna ƙasa kusa da yaron, shi zai zaɓi abin wasa. Ban da tambaya, ban da umarni, ban da gyara. Wallahi riƙe bakin nan ne ya fi ba ni wuya. Faɗi abin da hannunsa ke yi kawai: "Ka ɗora ja a kan shuɗi." In za ki yaba, ki ambaci abin: "Na ji daɗi da ka ajiye shi a hankali." Ƙananan rigingimu ki kau da kai. In ya kai duka, wasa ya tsaya sai gobe.