Yadda ake tace ra'ayin 'yan kallo kafin ka ƙona datarka a kan Under Siege

Duk wanda ya saba neman fim a intanet ya san wannan matsalar, kana son ka kalli wani abu da daddare sai ka shiga duba me mutane suka ce, wannan ya ba shi tauraro tara cikin goma ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, na ƙasansa ya ba shi biyu ya ce ɓata lokaci ne, kai kuma kana tsakiya da 'yar datarka ba ka san wa za ka bi ba. To ni dai na daɗe da daina ƙirga taurari, abin da nake yi yanzu shi ne in fara gano waye ke maganar, kuma me ya zo nema a fim ɗin. Zan nuna maka yadda nake yi da Under Siege na 1992, don fim ne da har yau ba a daina musu a kansa ba, kuma fim ne da nake matuƙar so.

Ka fara da sanin labarin a taƙaice, don in ba ka san me aka yi niyyar yi ba ba za ka gane wanda ke zagin fim saboda abin da fim ɗin bai taɓa yin alkawari ba. Jirgin ruwan yaƙin Amurka ne mai suna Missouri yana tafiyarsa ta ƙarshe kafin a yi masa ritaya, sai aka shirya wa kyaftin liyafar zagayowar ranar haihuwarsa, aka kawo makaɗa da masu rabon abinci a helikwafta, ashe 'yan ta'adda ne, kuma da haɗin bakin mataimakin kyaftin ɗin. Suka kashe kyaftin, suka kulle sojojin ruwan a can gaban jirgi, burinsu su kwashe makamai masu linzami na Tomahawk masu kan nukiliya su loda a wani jirgin ƙarƙashin teku su sayar. Mutum ɗaya suka raina, kukun jirgin, Casey Ryback, wanda aka kulle a ɗakin sanyin nama, ba su san tsohon zaƙaƙurin sojan kundumbala ba ne. Steven Seagal ne kukun, Tommy Lee Jones ne babban bos William Strannix, Gary Busey kuma shi ne maci amana Kwamanda Krill, darakta Andrew Davis. Shikenan, in ka riƙe wannan ka isa shiga cikin masu sharhi.

Abu na gaba, ka duba shekarar da mutum ya rubuta ra'ayinsa da kuma lokacin da ya ce ya fara kallo. Wannan ya fi komai muhimmanci a wajena. Akwai waɗanda suka kalle shi a silima ko a kaset ɗin bidiyo suna yara, su in sun zo magana rabin abin da suke yabo ƙuruciyarsu ce, falon gidansu da yayyensu da suka zauna tare, ba laifi ba ne wallahi ni ma ina da finafinan da nake yi wa haka, amma kai da za ka kalla yau a waya ba ka da wannan tsohuwar zumar a bakinka, don haka ka rage wa yabonsu kaɗan. Sannan ga ɗaya ɓangaren, waɗanda suka san Seagal ta baya, bayan ya koma fitar da finafinan da ko silima ba sa zuwa sai dai kai tsaye a faifai, bayan ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Rasha a 2016, da sauran maganganun da ake yi a kan halinsa. Irin waɗannan tun kafin su danna fim ɗin sun gama yanke hukunci. In ka karanta sharhi ka ga layi biyar duk a kan mutumin ne babu ko ɗaya a kan jirgin ko labarin, ka wuce kawai, ra'ayinsa a kan Seagal ya ba ka, kuma yana da 'yancinsa, amma tambayar da ta kawo ka ba ita ya amsa ba.

Daga nan sai ka nemi masu tauraro shida da bakwai, na tsakiya. Su ne suka fi faɗin gaskiya saboda sukan ce ga inda ya yi daɗi ga inda ya yi sanyi. A shafin bayanan finafinai na IMDb kana iya jera sharhin bisa yawan taurari, a shafin Rotten Tomatoes kuma an raba makin ƙwararrun masu sharhi daban na 'yan kallo daban, ka duba duka biyun. A Under Siege abin da za ka lura shi ne ƙwararrun ma sun yaba, wanda ba kasafai suke yi wa finafinan Seagal haka ba, shi ya sa za ka yi ta cin karo da maganar cewa wannan ne mafi kyawun fim ɗinsa.

Maganar da za ka fi gani ita ce wai Die Hard ne aka ɗauko aka ɗora a kan jirgin ruwa. Gaskiya ne kuma babu wanda ya ɓoye, Die Hard ya fito 1988, mutum ɗaya a rufaffen wuri da 'yan ta'adda, daga nan kowa ya bi sahu, wani a jirgin sama wani a bas, har shi kansa Under Siege na biyu da ya fito 1995 a jirgin ƙasa aka yi shi. Amma kar ka ɗauki wannan a matsayin hukunci, ka ci gaba da karantawa ka ga ko mai maganar ya faɗi bambancin. Bambancin kuwa babba ne. Jarumin Die Hard yana jin jiki, ƙafarsa babu takalmi yana taka gilashi yana zubar da jini, kana kallo kana tsoron zai mutu. Ryback kuwa tun da ya fito daga ɗakin sanyin nan ka san babu mai iya masa, fuskarsa ɗaya muryarsa ɗaya a ƙasa-ƙasa, yana karya hannun mutum kamar yana karya kara, salon faɗan aikido ne da Seagal ya koya har ya koyar a Japan. Masu cewa fim ɗin babu fargaba daga nan suke, kuma ban ce sun yi ƙarya ba. Sai ka tambayi kanka wane iri ne kai, in kana son jarumin da zai wahala ka tausaya masa to ƙorafinsu naka ne, in kuma daɗinka shi ne ka ga an raina mutum an ce kuku ne kawai sannan a zo ana mamaki, to wannan ƙorafin ma talla ce a wajenka.

Yanzu ga ma'aunin da na fi yarda da shi, ka duba me mai sharhi ya ce game da bosawa. Fim irin wannan bos ne ke ɗauke da shi, kuma duk wanda ya kalli Under Siege da idon basira sai ya yi maganar Tommy Lee Jones. Mutumin ya shigo da rigar fata da ɗankwali ɗaure a goshi da baƙin gilashi a matsayin mawaƙi, yana tsalle a kan dandamali sojoji suna tafi, cikin minti kaɗan ya juye ya zama wani abu daban, tsohon ma'aikacin hukumar leƙen asirin Amurka CIA da hukumar ta so kashewa ba ta yi nasara ba ya dawo da fushi, yana waya da manyan hafsoshi a Pentagon, hedikwatar tsaron Amurka, yana musu magana kamar mahaukaci alhali ya san duk abin da yake yi. Busey kuma nasa haukan daban ne, mai ƙiyayya da ƙeta, shi ne ya tofa yawu a miyar Ryback tun farko don ya ja shi faɗa, shi ne kuma ya saki ruwa a inda aka kulle abokan aikinsa don ya nutsar da su. Idan su biyun suna waje ɗaya har mantawa kake da jarumin, kai in ka lura da kyau lokacin da Seagal ke fitowa bai kai yadda kake zato ba, daraktan ya san inda ƙarfin fim ɗinsa yake. Shekara ɗaya bayan haka, 1993, Davis ya sake ɗaukar Jones a The Fugitive tare da Harrison Ford kuma a nan ne Jones ya ci Oscar. Don haka in mutum ya rubuta dogon sharhi bai ambaci bosawan nan biyu ba ko sau ɗaya, ni ina ɗauka hankalinsa na wani wajen lokacin da yake kallo.

Akwai kuma wani rukuni da nake jin daɗin karantawa, tsoffin sojojin ruwa da masu son tarihin jiragen yaƙi. Su ne za su gaya maka ba a cikin Missouri aka ɗauki yawancin fim ɗin ba, a cikin Alabama ne, wani jirgin yaƙin da aka mayar gidan tarihi a garin Mobile, jirgin ƙarƙashin tekun ma Drum ne da ke ajiye a wajen. Alabama tsawonsa wajen mita 207 ne, Missouri kuwa ya kai mita 270, wanda ya sani yana gani zai gane. Za su kuma ce mutane 'yan ƙalilan ba za su iya harba babbar igwar jirgin mai faɗin baki inci 16 yadda aka nuna ba, don aikin gomman mutane ne, harsashi ɗaya ya fi tan guda nauyi. Duk ka karɓa, ilimi ne kyauta, amma ka ware shi gefe guda kar ka haɗa da tambayar ko fim ya yi daɗi. Abin da ya kamata ka ɗauka daga wajensu shi ne girman jirgin a tarihi, a kan Missouri ne Japan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945 a gaɓar Tokyo, ya je yaƙin Koriya, ya harba Tomahawk na gaske a yaƙin Tekun Fasha na 1991, aka yi masa ritaya a watan Maris 1992, fim ɗin kuma ya fito a Oktoban shekarar. Kaga ga Ba'amurken da ya shiga silima lokacin ba tatsuniya ce zalla ba, jirgin da ya gama gani a labarai ne aka ce an sace. Yanzu yana Pearl Harbor a Hawai mutane na zuwa ziyara.

Sai maganar Jordan Tate, yarinyar da Erika Eleniak ta fito a matsayinta, wadda aka ɗauko haya don ta fito daga cikin kek a wajen liyafa. A nan ra'ayi ya rabu sosai, wasu na ganin an saka ta ne kawai don jan idon maza, wasu na cewa ai daga baya ta ɗauki bindiga har ta ceci jarumin. Ni ina tare da na farko, rubutun da aka yi mata bai da ƙarfi, daga kuka da tsoro sai ga ta ta zama soja cikin dare ɗaya. Kuma ga abin da yawancin masu sharhin Turai ba za su ja maka kunne a kai ba don su ba ya damunsu, wajen fitowarta daga kek ɗin akwai tsiraici ƙarara, ga zagi ga jini musamman faɗan wuƙa na ƙarshe. Fim ne mai tambarin R, na manya. Kar ka kunna a falo gaban yara ko iyaye, kuma ka saba da buɗe sashen jagorar iyaye na IMDb kafin kowane fim, yana lissafa irin waɗannan wuraren ɗaya bayan ɗaya, sai ka san inda za ka tsallake ko ka haƙura da fim ɗin gaba ɗaya.

Kuɗin da fim ya samu kar ya ruɗe ka, eh ya tara sama da dala miliyan 150 a duniya, wannan na nuna mutane sun je ne, ba ya nuna kai zai maka daɗi. Abin da ya fi amfani shi ne an sa shi takarar Oscar guda biyu kuma duk a ɓangaren sauti ne, to wannan saƙo ne gare ka kai tsaye, kar ka karɓi kwafi mai ƙaramin nauyi da aka matse har sautin ya mutu sannan ka kalla da sifikar waya ka zo kana cewa ba ka ga abin yabo ba, ka nemi mai kyau ka sa iyafis ko ka haɗa da sifika, ƙarar ƙarfe da amon cikin jirgi da tashin igwar nan rabin daɗin kenan. Da yawa cikin masu cewa fim ɗin lami ne ina zargin a haka suka kalla.

Ka kula da masu tona ƙarshen labari, wanda aka sa wa alamar gargaɗi kar ka buɗe sai ka gama kallo, shi ya sa ni ma ban faɗa maka yadda aka ƙare da makaman da aka saita kan birnin Honolulu ba.

In ka gama kallo, tsawonsa bai kai awa biyu ba, ka koma ka rubuta naka, kuma ka rubuta irin wanda kai ma ka so samu. Ka faɗi yaushe ka kalla kuma a kan me, waya ko talabijin, ka faɗi ko ka taɓa ganin Die Hard kafin nan, ka ambaci wuri ɗaya takamaimai da ya kama ka, misali inda Ryback ya haɗa bam da na'urar ɗumama abinci a kicin, da wuri ɗaya da ka ji an yi maka wasa da hankali, ka ce wani abu a kan Strannix da Krill, sannan ka sanar da na bayanka maganar kek ɗin nan tun a layin farko.