Abin da nake dubawa kafin a zuba kankaren bene

Idan kai aka ɗora wa kula da ginin kasuwa ko ofis, ka iso wurin tun jajibirin zuba kankare, domin da zarar ya daskare babu mai sake ganin abin da ke cikinsa.

Ni da rodi nake farawa. Riƙe zanen injiniya a hannu, ka ƙirga rodin ginshiƙai da na bene, ka auna kaurinsu. Inda aka rubuta milimita 16, kada ka yarda a sa 12, ko da ɗan kwangila ya rantse ƙarfinsu ɗaya. Sai ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi: dole a tallafe rodin da ƙananan dunƙulen siminti, kada ya kwanta kan katako. Kankaren da zai cika wannan tazarar ne ke hana danshi kai masa, kuma rodin da ya yi tsatsa kumbura yake ya tsaga kankaren daga ciki. Wannan ya fi komai damuna, don sai bayan shekaru ɓarnar ke bayyana, lokacin mutane sun cika ginin.

Girgiza sandunan da ke tokare katakon benen ka ga ko sun tsaya da ƙarfi, sannan ka tabbata bututun wuta da na ruwa suna wurinsu.

Ranar zubi, tsaya kusa da injin kwaɓi. Leburori kan ƙara ruwa don aiki ya yi sauƙi, amma ƙarfin kankaren ke raguwa. Hana su. A ɗebi samfuri a gwada ƙarfinsa bayan kwana 7 da kwana 28, a riƙa jiƙa benen aƙalla mako guda, kuma kada a cire tokare sai injiniya ya sa hannu.