Yadda za a raba ɗan makaranta da ruwan leda ba tare da an taɓa lafiyarsa ba

Duk wanda ya bi ta ƙofar makarantar firamare bayan an tashi ya san abin da yara ke bari a ƙasa, wato ledojin ruwa da aka tsotse aka yar, waɗanda iska za ta kwashe zuwa kwata, damina ta zo ta tarar da magudanai a toshe, wasu kuma su ƙare a cikin tumbin awakin unguwa, inda mahauta suka sha fito da su a dunƙule. Lissafin ba shi da wuya. Idan yaro yana shan leda 3 a kowace ranar karatu, kuma aka ɗauka yana zuwa makaranta kwana 180 a shekara, ya yar da leda 540, wato jaka 27 tunda kowace jaka leda 20 take ɗauka. Gidan da ke da yara huɗu ya haura leda 2,000 a shekara ɗaya, ban da waɗanda ake sha a cikin gida.

Ba na ganin laifin iyayen da ke ba yaro kuɗin ruwan leda, domin yawancinsu tsoron taifot da amai da gudawa ne ya sa suka fi yarda da ruwan da aka liƙe a kamfani, mai lambar hukumar NAFDAC, fiye da na rijiya ko na 'yan garuwa. Saboda haka wanda ya sayo gora mai kyau ya cika ta da ruwan da bai tabbatar da tsaftarsa ba, an gudu ne ba a tsira ba, kuma da zarar cikin yaro ya ɓaci sau ɗaya za a koma wa leda. Aikin yana farawa ne daga ruwan, sannan gorar ta biyo baya.

Hanya mafi tabbas ita ce tafasawa. Idan ruwan yana da laka a fara barinsa ya kwanta, a tsiyaye na saman, a tace shi da farin ƙyalle mai tsafta, sannan a ɗora a wuta har ya tafasa sosai yana ɓulɓulowa, a bar shi a haka na tsawon minti ɗaya cikakke. Ruwan da ya yi zafi kawai bai kai ga tafasa ba, ba a gama da shi ba. Ya fi sauƙi a yi wannan da daddare bayan an sauke tuwo, lokacin da garwashi ke da sauran ƙarfi, a rufe tukunyar ta kwana, da asuba ruwan ya huce sai a zuba wa yara. Inda itace ko gas ya yi tsada, akwai ƙwayoyi da ruwan sinadarin kulorin da ake sayarwa a shagunan magani domin tsaftace ruwan sha, kuma sharaɗinsu shi ne a bi awon da aka rubuta a jikin kwalin, a jira minti 30 kafin a sha. Akwai kuma hanyar rana, wadda ta dace da ƙasarmu ƙwarai: a cika farar gorar roba mai garau wadda ba ta wuce lita 2 ba da ruwan da ba shi da laka, a kwantar da ita a kan rufin kwano inda rana ke dukanta na awa 6, idan kuwa akwai hadari ko hazo mai yawa a bar ta kwana biyu. Duka hanyoyin nan uku ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire guba, don haka rijiyar da ke kusa da wurin haƙar ma'adinai ko wadda ruwan masana'anta ke tsiyaya cikinta ba ta gyaruwa da tafasawa.

Sau da yawa a wurin ajiya ne ruwa mai kyau ke lalacewa. Randar da kowa ke tsoma moda da hannunsa a ciki, modar kuma a ajiye ta a ƙasa, ba ta da bambanci da ruwan da ba a dafa ba. A ware randa ɗaya ta ruwan sha kaɗai, a yi mata murfi, a rataye mata moda mai dogon hannu wadda ba a kai ta baki, ko kuma a sami bokiti mai murfi a sa masa kan famfo a gindi domin a riƙa tara gora ba tare da an buɗe shi ba.

Sai zaɓen gorar. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce, kuma abu na farko da za a duba shi ne faɗin baki. Gorar da soso ko burushi ba zai shiga cikinta ba ba za ta wanku ba, komai kyawunta. Na biyu shi ne murfi, domin a nan yawancin gorori ke mutuwa: murfin da ake murɗawa, mai zoben roba guda ɗaya a ciki, ya fi daɗewa kuma ya fi sauƙin wanki a kan wanda ke da maɓalli da tsinken zuƙa da ƙananan lunguna. Yara sun fi son mai tsinken zuƙa da zanen 'yan tsana, amma a cikin wannan siririn bututun ne baƙin datti ke taruwa inda ido ba ya gani. Idan dole sai irinta, a sayi siririn burushin da ke shiga bututun tare da ita a rana ɗaya.

Game da abin da aka ƙera gorar da shi, ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne kan gaba, domin ba ya riƙe wari, yana jure faɗuwa, kuma ana iya wanke shi da ruwan zafi. Masu kyau sukan zo da lamba 304 ko 18/8 a gindinsu. Mai bango biyu irin na filas tana riƙe sanyi tun safe har a tashi, sai dai ta fi nauyi da tsada, kuma ga ɗan aji ɗaya da ke ɗauke da jakar littattafai nauyin ba ƙaramin abu ba ne. Idan roba za a saya, a kifa ta a duba alamar kusurwa uku da ke gindinta. Lamba 5 da lamba 2 robobi ne masu kauri da suka dace da amfanin yau da kullum. Lamba 1 ita ce ta gorar lemo da ruwan kamfani, wadda aka yi domin a sha sau ɗaya: bakinta ƙarami ne, jikinta yana kartuwa da wuri, kuma tana lanƙwashewa idan ruwan zafi ya taɓa ta. Tana da amfani wajen shanya ruwa a rana kamar yadda aka faɗa, muddin ana sauya ta idan ta dushe, amma ba ita ce za a ba yaro ya yi zangon karatu da ita ba. Lamba 7 kuwa tarkace ce da ta haɗa robobi iri-iri, ciki har da mai sinadarin BPA da masana lafiya ke ɗari-ɗari da shi, saboda haka a bar ta sai idan an rubuta ƙarara cewa babu shi. Gorar gilashi tana da tsafta, amma ba ta filin wasan yara ba ce.

Rabin lita ya ishi ƙaramin yaro da ke tashi da azahar, babba kuma a ba shi mai ɗaukar kashi uku cikin huɗu na lita ko lita ɗaya, musamman daga watan Maris zuwa Mayu lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa. Kafin a biya kuɗi a roƙi mai shago ya bari a zuba ruwa a ciki, a rufe, a kifa, a girgiza. Gorar da ta yi yoyo a kan littafi sau ɗaya, yaro da kansa zai riƙa mantawa da ita a gida da gangan.

Ƙorafin da yara suka fi yi shi ne ruwan gora yana yin ɗumi alhali na leda da ƙanƙara ake sayar da shi, kuma ƙorafi ne mai tushe. Maganinsa tsoho ne. A sa gorar cikin tsohuwar safa mai kauri ko a ɗinka mata riga da tsumma, a jiƙa, a rataye ta a inuwa inda iska ke wucewa, yayin da jiƙar ke bushewa tana janye zafin ruwan. Haka randa da tulu da salka suke sanyaya ruwa tun kaka da kakanni, kuma a kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya gina dabararsa ta sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi aiki a lokacin rani da iska ke bushe, da damina kuwa sanyin kaɗan ne. Gidan da ke da firji na iya kwantar da gorar roba da ruwa kaɗan a ciki ya daskare cikin dare, da safe a ƙarasa cika ta. Kada a cika gora taf a daskarar, domin ƙanƙara tana kumbura ta fasa ta.

Wanki shi ne inda yawancin gidaje ke sakaci, saboda ana ganin ai ruwa ne kawai a ciki. Bakin yaro yana mayar da yawu da ɓurɓushin abinci cikin gorar a kowace kurɓa, zafi kuma yana taimakon ƙwayoyin cuta su yaɗu, shi ya sa cikin gorar da ta kwana biyu ba a wanke ba yake yin santsi idan aka sa yatsa. Kullum da yamma a zubar da ragowar ruwan a gindin shuka, a wanke ciki da sabulu da ruwan ɗumi, a cire zoben murfin a wanke ƙarƙashinsa, a ɗauraye sosai, sannan a kifa ta a buɗe ta bushe. Rufe gora da danshi a ciki shi ke kawo wari. Inda babu burushi, a zuba ɗan tsabar shinkafa da ruwan sabulu a girgiza da ƙarfi, tsabar za ta kankare bangon. Sau ɗaya a mako a jiƙa ta da ruwan kal ko ruwan lemon tsami da aka sirka, a ɗauraye. Kunun aya da zoɓo da fura ba sa zama a gorar ruwa, domin suna tsami da wuri a cikin zafi kuma suna barin wari a jikin roba, don haka a ware musu tasu, a wanke ta da zarar yaro ya dawo. Gorar robar da ta tsage, ko cikinta ya kartu har ya yi fari, ta gama aikin ruwan sha, a mayar da ita ta ban ruwan shuka.

A rubuta sunan yaro a jiki da fenti, a kuma koya masa cewa idan abokinsa ya roƙi ruwa ya tsiyaya masa a murfi ko a kofi maimakon su haɗa baki. Hana ruwa ba ɗabi'armu ba ce, kuma ba ita ake so a koya masa ba. Ƙungiyar iyaye da malamai kuma tana iya sa duro mai kan famfo da tsaftataccen ruwa a harabar makaranta, domin gorar da ta ƙare da ƙarfe 11 ba tare da wurin sake cikawa ba, ƙarshenta yaro ya tafi wurin mai leda.

Sauran kayan makaranta ba sa buƙatar dogon bayani. Abincin tara ya tafi a kwano mai murfi da cokali na gida, musamman mai zafi, domin koko ko wake da shinkafa mai tururi bai kamata ya zauna cikin baƙar leda ba. Jaka kuwa a zaɓi wadda za ta gyaru: zif ɗin da ya lalace da igiyar da ta tsinke aikin tela ne ko baduku na ɗan lokaci, kuma jakar yadi mai kauri da aka ɗinka a unguwa takan wuce daga wa zuwa ƙane. Littattafan karatu a yi musu bango da tsohuwar kalanda, a hana rubutu da biro a cikinsu domin na baya ya gada, ragowar fararen shafukan littattafan rubutu na bara kuma a ciro su a ɗinke su zama littafin gwajin lissafi. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga wannan baƙon abu ba, tunda allo ɗaya ake wankewa a sake rubutu shekara da shekaru, da alƙalamin kara da tawadar da aka dafa a gida.

A cikin gida ma abin da ya fi yawa a shara leda ce. Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Jamhuriyar Nijar ta kafa tata dokar a 2014, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas kuma ta hana farin mazubin abinci na soso a farkon 2024, amma mai zuwa kasuwa ba ya buƙatar jiran doka kafin ya ɗauki kwando ko jakar buhu, da robar manja da kwanon niƙa daga gida. Abin da ya kamata a daina nan take shi ne hura wuta da leda da ƙona ta a tsakar gida, domin hayaƙinta yana da guba kuma mai girki da goyon da ke bayanta ne ke fara shaƙarsa. Gwangwani da ƙarfe da gorori a tara su a buhu daban, 'yan jari-bola za su saya ko su ɗauka, ɓawon kayan miya da ragowar abinci kuma na dabbobi ne ko ramin taki. Ruwan alwala da na ɗaurayar gorori, wanda ba shi da sabulu mai yawa, a tara shi a bokiti a zuba a gindin zogale ko darbejiyar da aka dasa a ƙofar gida, da yamma bayan rana ta yi sanyi domin ƙasa ta sha kafin ya bushe.