Kurakuran da masu jinya ke yi in jijiya ta ɗaure wa mai ciwon daji

Na gaji da ganin abu ɗaya a ɗakin jinya, shi ya sa zan faɗa. Da zarar mara lafiya ya ce naman bayansa ko cinyarsa ya ƙage yana murɗa, sai dangi su ce a ƙara masa mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi. Mofin na da amfani sosai, amma wannan irin ciwon ba ya jin sa yadda ya kamata, sai ka ga an ƙara, mutum yana ta gyangyaɗi, bayan gida ya ƙi fita, jijiya kuma tana nan a ɗaure. Likita kan haɗa da diyazefam ko baklofen, magungunan da ke saki naman da ya ƙage, shi zai auna, don diyazefam da mofin in sun haɗu suna iya danne numfashi. Baklofen kuma ba a yanke shi rana ɗaya.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne tausa da ƙarfi. Ciwon dajin mama da na furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) suna yawan shiga ƙashi su cinye shi ta ciki. Kawuna haka aka yi masa, wata gwaggonmu ta kawo mai ɗori da man zafi, ya danna cinyar da gwiwar hannu, muka ji ƙas, ƙashin ya karye, Kawu bai sake taka ƙafar ba har Allah ya karɓi abinsa. Haba jama'a! Ni dai tawul nake tsomawa a ruwan ɗumi in matse in ɗora, in shafa a hankali, in sa filo ƙarƙashin gwiwa, shi ke nan. Amma ban da wurin da aka yi rediyoterafi (gashin ciwon daji da na'ura), ban da kan filastar fentanil (maganin raɗaɗi da ake mannawa a fata), zafi na sa maganin ya shiga jiki da yawa.

Wani kuskuren kuma shi ne shan maganin ciwon jiki diklofenak na kemis kullum, ciki da ƙoda ne ke biya.

In jijiya ta ɗaure wa mai amai ko gudawa bayan kemo (maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji), sau da yawa ruwa da gishirin jiki ne suka ragu, a ce wa likita ya duba fotasiyam da magnesiyam.

In kuwa ciwon bayan ya zo da nauyin ƙafafu ko fitsari ya tsaya, don Allah kar a kwana ana gashi, mai yiwuwa lakar baya ce ciwon dajin ya danne, a tafi asibiti a daren, in aka makara ƙafafun ba sa dawowa.