Yadda Ake Zaɓen Lensi Mai Zum na Tafiye-tafiye da Kuɗi Kaɗan

Mutumin da ya tashi daga Jos da sassafe da niyyar ɗaukar hoto a Dutsen Riyom, sannan ya gangara Hawan Kibo zuwa magangarar ruwa ta Assop, zai buƙaci lensi iri biyu kafin azahar. Yana son mai faɗi wanda zai haɗa duwatsu da sararin sama a hoto ɗaya, kuma yana son mai janyo nesa domin tsuntsun da ya sauka a kan dutse ko makiyayin da ke can gefen kwari. Ɗaukar lensi biyu ko uku yana nufin ƙarin nauyi da ƙarin kuɗi, kuma duk sanda aka cire wani aka ɗaura wani a lokacin hunturu, ƙura tana samun hanyar shiga ta zauna a kan sensa, wato ɓangaren da ke kama hoto a cikin kyamara. Wannan ne dalilin da ya sa matafiya ke neman lensi guda mai zum, wato mai iya ɗaukar faɗi da kuma janyo nesa, wanda zai yi yawancin aikin, kuma matakan da ke tafe za su taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi ya same shi ba tare da ya yi asara ba.

Mataki na farko shi ne ka san kyamararka kafin ka tambayi farashin komai. Abu biyu ake dubawa, wato irin bakin da lensi ke ɗauruwa a kansa, da girman sensa. Yawancin kyamarorin da ke hannun mutane a nan, irin su Canon 600D da 700D ko Nikon D3200 da D5300, suna da ƙaramin sensa da ake kira APS-C. Canon tana rubuta EF-S a jikin lensin da ta ƙera domin irin waɗannan, Nikon kuma tana rubuta DX. Lensin EF-S ba ya hawa kan Canon 6D ko 5D masu babban sensa, saboda haka wanda ke da shirin sauya kyamara nan gaba kaɗan ya yi la'akari da wannan tun yanzu. Masu Nikon suna da nasu tarkon: jerin D3000 da D5000 ba su da injin fokas a jikinsu, don haka lensin Nikon da ba a rubuta masa AF-S ko AF-P ba ba zai saita fokas da kansa a kansu ba, sai dai a juya da hannu. Haka kuma lensin AF-P ba ya aiki da tsofaffin kyamarori irin D90 da D3100. Sababbin kyamarori marasa madubi suna da nasu bakin daban, RF na Canon, Z na Nikon, E na Sony, X na Fujifilm, kuma ko da yake akwai adafta da ke haɗa tsohon lensi da sabuwar kyamara, kuɗinta ma wani abu ne da za a saka a lissafi.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran muhimmanci, shi ne fahimtar lambobin milimita da ke jikin lensi, domin a nan ne mai saye ya fi ruɗuwa. Ƙaramar lamba tana nuna faɗin abin da lensi zai ɗauka, babbar kuma tana nuna iya nisan da zai janyo. A kan ƙaramin sensa sai an ninka lambar kafin a san ainihin abin da ido zai gani: a Canon ana ninkawa da 1.6, a Nikon da Sony da Fujifilm kuma da 1.5. Ke nan lensi mai 18-135 a kan Canon daidai yake da kusan 29 zuwa 216 a babban sensa, mai 18-140 a kan Nikon kuma daidai yake da 27 zuwa 210. Wannan tazara ta isa ta ɗauki Duwatsun Shere daga nesa, ta ɗauki tulin tumatur da kabeji a kasuwar Farin Gada, ta ɗauki fuskar mutum tare da dishewar abin da ke bayansa, ta kuma janyo mahayi a filin hawan sallah matuƙar mai hoton bai tsaya can bayan taro ba.

Masu saye da yawa idonsu yana kan babbar lamba, suna ganin 300 ko 400 sai su ɗauka an gama magana, alhali kuwa matafiyi ya fi amfani da ɓangaren faɗi. Bambancin da ke tsakanin 16 da 18 milimita biyu ne kacal a rubuce, amma a cikin ɗaki ko a lungu mai ƙunci ana ganinsa ƙarara, fiye da yadda ake ganin bambancin 200 da 250 a ɗaya ɓangaren. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar cikin kwaikwayon masallacin Zariya da ke gidan adana gine-ginen gargajiya kusa da gidan tarihi na Jos zai gane wannan, domin bango yana bayansa, babu inda zai ƙara ja da baya, kuma lensi mai janyo nesa ba shi da abin da zai yi masa a wurin. Saboda haka kada ka sayi lensin da ya fara daga 24 ko 28 domin kyamara mai ƙaramin sensa, komai arahar da aka yi maka, domin an ƙera shi ne don babban sensa, kuma a kan taka kyamarar faɗinsa ya riga ya tafi.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin abin da kai kanka kake buƙata. Kowane hoto yana ajiye bayanin milimitar da aka ɗauke shi da ita, ana kuma iya gani a allon kyamara ko a kwamfuta. Ka zaɓi hotunan da ka fi so cikin waɗanda ka ɗauka da lensin 18-55 da ya zo da kyamarar, ka duba lambobinsu. Idan mafi yawansu a kan 55 suka tsaya, har kana yanke hoton daga baya don abin ya ƙara girma, to nisa kake nema, kuma 18-135 ko 18-140 ne naka. Idan kuwa suna tsakanin 18 da 35, amma suna fitowa da duhu ko da girgiza, to matsalarka haske ce, ƙarin zum ba zai warware ta ba.

Wannan ya kawo mu mataki na uku, wato ƙofar haske, wadda ake rubutawa da harafin f. Ƙaramar lamba tana nufin ƙofa mai faɗi. Lensin tafiya mai araha yawanci f/3.5-5.6 ne ko f/3.5-6.3, ma'ana ƙofar tana tsukewa yayin da ake janyo nesa. Da rana tsaka wannan ba ya damun kowa, amma bayan la'asar sakaliya, ko a cikin zauren biki, ko ranar da gajimare ya rufe Jos a watan Agusta, kyamara za ta rage saurin shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sensa, hoton kuma ya fito da ɗigo-ɗigo. Lensi mai f/2.8 daga farko har ƙarshe, kamar Sigma 17-50 ko Tamron 17-50, yana shigar da haske ninki huɗu na abin da f/5.6 ke shigarwa, sai dai ya tsaya a 50, bai janyo nesa. Babu lensi mai araha da ya haɗa duka biyun, dole a zaɓi ɗaya a haƙura da ɗaya. Wanda tafiyarsa ta ziyarar dangi ce da bukukuwa da kasuwannin dare ya ɗauki mai f/2.8, wanda kuma hankalinsa ke kan duwatsu da dabbobi da hawan dawaki ya ɗauki mai nisa.

Mataki na huɗu gajere ne: kada ka sayi lensi mai nisa wanda ba shi da na'urar hana girgiza, sai idan kyamarar tana da ita a jikinta. Canon tana kiranta IS, Nikon VR, Sony OSS, Tamron VC, Sigma kuma OS. Tana gyara rawar hannu ne kawai, ba ta tsayar da doki mai gudu ko yaro mai tsalle, wannan aikin saurin shata ne.

A mataki na biyar ne za ka rage zaɓin zuwa biyu ko uku. Mai Canon ya nemi EF-S 18-135 mai injin fokas STM ko USM, waɗanda suka fi samfurinsa na farko shiru da saurin fokas, abin da ke da amfani ga mai ɗaukar bidiyo. Mai Nikon ya nemi AF-S DX 18-140 VR, wanda ya fito a 2013 kuma bakinsa na ƙarfe ne, saɓanin 18-105 da ya gabace shi mai bakin roba, wanda ke iya karyewa idan kyamara ta faɗi. Duka biyun, na Canon da na Nikon, nauyinsu kusan rabin kilo ne, kuma filta mai faɗin milimita 67 suke ɗauka. Mai Sony yana da E 18-135 OSS wanda nauyinsa giram 325 ne, ko kuma Sigma 18-50 f/2.8 mai giram 290 idan haske ya fi damunsa. Tamron 18-200 VC yana cikin mafi araha a wannan aji kuma ba shi da nauyi, amma kaifin hotonsa yana raguwa a ƙarshen zum.

Game da manyan irin su Tamron 18-400 da ya fito a 2017, ra'ayina shi ne su dace da mutum ɗaya, wato wanda zai je Yankari neman giwa kuma ya ƙudurta ba zai ɗauki lensi na biyu ba. Nauyinsa ya haura giram 700, yana tsukewa zuwa f/6.3, kuma a lokacin hunturu hazo yana cinye kaifin duk abin da ke nesa, ta yadda ko lensi mai tsada ba zai fitar da shi tas ba. Su kuwa gwaggon birin sansanin Wikki ba sa buƙatar 400, da kansu suke zuwa har inda mutum ya ajiye jakarsa. Wanda ya riga yana da 18-55 kuma kuɗinsa bai kai ba, yana iya ƙara Canon 55-250 STM ko Nikon 55-200 VR, ya samu nisa mai kyau da kuɗi kaɗan, in ya yarda da wahalar sauyawa.

Mataki na shida shi ne saye, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi na hannu ya fi sabo ma'ana, domin lensi ba ya tsufa da wuri kamar kyamara idan an kula da shi. Farashi yana bin dala, don haka ka tambayi masu sayarwa uku a cikin mako guda, ko a shagunan kayan lantarki na Terminus da titin Ahmadu Bello, ko a Banex Plaza da ke Abuja, ko a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet. Masu hoton biki da ke komawa kyamarori marasa madubi su ma suna sayar da nasu, sai dai irin wannan lensin ya sha aiki. Ko daga ina ne, ka je da kyamararka, domin gani ya kori ji, kuma kada ka biya cikakken kuɗi kan abin da za a aiko maka a mota ba tare da yarjejeniyar mayarwa ba.

Idan lensin ya zo hannunka, ka cire murafensa biyu, ka haska fitilar waya ta baya kana leƙawa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kusan kowane lensi mai zum yana da ita, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, wadda ke bayyana kamar yanar gizo-gizo a jikin gilashi, musamman a lensin da ya daɗe a wuri mai laima irin Legas ko Fatakwal, da kuma wani hazo-hazo da ke tsakanin gilasai. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Ka juya zoben zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa ko yana ƙara, sannan ka kifar da lensin ka ga ko yana zamewa da kansa. Ka duba bakin da ake ɗaura filta, domin lotsewa a wurin alama ce ta cewa ya taɓa faɗuwa, ko da mai shi ya ce bai faɗi ba.

Bayan haka ka ɗaura shi a kyamara ka gwada fokas a 18, a tsakiya, da kuma ƙarshen zum, a kan abu na kusa da na nesa, kana ɗan girgiza shi a hankali. Idan Canon ta nuna Err 01, to sadarwa tsakanin lensi da kyamara ta samu matsala. Wani lokaci goge ƙananan ƙarafan baya yana gyarawa, amma idan saƙon yana dawowa a wata milimita ta musamman, sau da yawa wayar ciki ce ta fara tsinkewa, kuma gyaranta zai cinye rangwamen da aka yi maka. Ka danna maɓallin shata rabi a ƙarshen zum ka ga ko hoton ya natsu, wannan ne gwajin na'urar hana girgiza. Sannan ka tsaya daidai gaban bangon bulo ko ka manna jarida a bango, ka ɗauka a f/8, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗu a allo. Idan gefe ɗaya ya fito da kaifi ɗayan kuma ya dishe, gilasan ciki sun goce, ka mayar wa mai shi.

Mataki na ƙarshe shi ne ka rage wani abu daga kuɗin domin ƙananan kaya, kada ka zuba duka a kan lensin. Hular lensi tana tare hasken rana daga gefe kuma tana kare gilashin gaba daga bugu, don haka idan babu ita a cikin cinikin ka nemi ragi. Abin hura iska na roba ya zama dole a lokacin hunturu, domin goge gilashi da ƙyalle alhali ƙura tana kai shi ke jawo ƙarzuwa. A fara hurawa, sannan a goge. Filta marar kyau tana rage kaifi kuma tana jawo walƙiya a hoto, saboda haka ko dai a sayi ta kamfani sananne irin Hoya ko a haƙura da hula kaɗai. Da damina kuma, daga watan Mayu zuwa Satumba lokacin da laima ke yawa a Jos, kada a bar lensi a cikin jaka a rufe na tsawon makonni. A ajiye shi a roba mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu tsotse laima, ana shanya su ko sauya su idan launinsu ya canza.