Yadda za ka zaga kufan tsohuwar ganuwar bakin teku

In Allah ya kai ka inda akwai tsohon sansanin yaƙi a saman tashar jiragen ruwa, don Allah kar ka yi irin ziyarar nan ta a hau sama a ɗau hoto a sauko. Ka fita da sassafe tun rana ba ta buɗe ba, don kufai babu rufi balle inuwa, ka riƙe gorar ruwa, ka sa takalmi mai kama ƙasa, silifas kam a'a, matakalan nan sun sha ƙafa shekaru aru-aru ga gansakuka, santsi kamar me. In hanyar ta gefen ruwa ce ka fara tambayar lokacin cikar teku, a yawancin wurare sau 2 yake cika a rana, inda ka bi a bushe sai ka dawo ka tarar ruwa ya shanye shi.

Kana shiga ka nemi kafofin da ake ɗora igwa, ka durƙusa ka leƙa ta ciki. Wallahi a nan ne ginin zai yi maka magana, za ka ga kafar ta saiti bakin mashigar tashar daidai, duk jirgin da zai shigo dole ya bi ta gaban igwa, shi ya sa aka zaɓi tudun tun farko. Sannan ka lura da kusurwoyin da suka turo waje, an yi su ne don na wannan kusurwa ya kare gindin bangon waccan, maƙiyi bai da wajen laɓewa.

Daga nan ka nemi rijiya ko tankin tara ruwan sama, ni a gurina ya fi igwar muhimmanci. Ka duba ganuwar Fot Jizos ta Mombasa a ƙasar Kenya, wadda Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, Larabawan Oman sun yi mata ƙawanya daga 1696 har 1698, bangon na tsaye amma cuta ta cinye yawancin na ciki.

Kar ka hau kan bango ko ka jingina da gefensa, gishirin teku ya daɗe yana cin abin da ya riƙe duwatsun, iska kuma a sama tana da ƙarfi. Rubuta suna a jikin bango ko tsintar ɗan dutse a jefa aljihu, gaskiya wannan yana min ciwo, wanda ya fita ba mai mayar da shi.