Ka Biya Inshora Ka Tashi a Tutar Babu: Kurakuran Masu Mota a Zariya

A majalisarmu ta bayan la'asar a Tudun Wada, in kana so a yi maka dariya, ka ce kamfanin inshora ya biya ka kuɗin gyaran mota. Wani zai ce mafarki ka yi. Wani ya ce ai takardar inshora ta 'yan sanda ce, a nuna a shinge a mayar da ita aljihun mota. Ni ma a kan haka nake, sai da wata tifa ta goge wa kawuna gefen mota a Kwangila, na yi watanni ina bin takardunsa saboda shi ƙafa ta yi nauyi. A wannan zirga-zirga na gane kamfanoni suna da nasu laifin, kuma zan zo kansa. Amma yawancin takaicin da masu mota ke kwasa wajen neman diyya, tun ranar sayen takardar aka shuka shi, sauran kuma a awa guda ta farko bayan hatsari.

Mu fara da takardar kanta. Da yawanmu ba mu taɓa taka ofishin kamfanin inshora ba. Mukan miƙa wa wani kuɗi a inda ake sabunta takardun mota mu ce ya haɗo komai, ya dawo mana da su a ɗaure. A ciki akwai mai tambari da sunan kamfani, amma kamfanin bai san da zamanta ba. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗin ƙaramar inshorar motar gida naira 15,000 a shekara, daga 5,000. Saboda haka wanda ya ce zai yi maka ita a dubu uku yau, takarda ya sayar maka kawai. Gwajin ba ya cin minti biyu: danna *565*11# a waya, ko ka shiga askniid.org, ka sa lambar motarka. In sunan kamfani da ranar ƙarewa sun fito, ta gaske ce. In ba su fito ba, koma wajen wanda ya karɓi kuɗinka tun mota tana lafiya. Daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda ma sun ƙara matsa lamba a kan wannan takarda, ka ga ta jabu ko a shinge ba lallai ta fisshe ka ba.

Sai rashin sanin irin wadda ka saya. Ta naira 15,000, wadda ake rubuta Third Party a samanta, ba ta gyara motarka ko da fitila ɗaya. Ta wanda ka buga ce: motarsa, shagonsa, katangarsa, har zuwa naira miliyan 3, da kuma rauni ko rasa rai. Mai son a gyara tasa motar, ko a biya shi in an sace ko ta ƙone, sai ya yanki cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Na ga mutum ya yi ta faɗa a ofis har jijiyar wuyansa ta tashi, wai an cuce shi, alhali abin da yake nema bai taɓa saya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kishiyar wannan. Mutum yana da ƙaramar inshora ta gaske, ya bugi motar wani a PZ ko a shataletalen Ƙofar Doka, jama'a su taru, dattawa su shiga tsakani, a ce Alhaji kai ne da laifi, ka gyara masa. Ya amsa, ya je ya sayar da rago ko ya ci bashi ya biya dubu ɗari huɗu daga aljihunsa, takardar da za ta ɗauke masa wannan nauyi tana kwance a mota. Ko a ransa bai kawo ta ba. Wanda aka buga shi ma bai san yana da hakkin tambayar sunan kamfanin wanda ya buge shi ba.

Sulhu abu ne mai kyau, ba na ce a daina ba. Matsalar ita ce kusan kowace takardar inshora tana da sharaɗin kada ka amsa laifi, ko ka yi alkawarin biya, sai da sanin kamfani. Ka ce wa mutum sannu, ka ba shi haƙuri, ka kai mai rauni asibiti, babu mai hana ka, kuma rai yana gaba da komai. Amma rubuta yarjejeniya a bakin titi cewa ka ɗauki gyara, ko tura kuɗi nan take, shi ne ke ba kamfani ƙofar zamewa. Maganar da ta dace a wurin gajera ce: "Malam, ina da inshora, ga lambata, ga sunan kamfanin, bari mu kira su tare." Wani zai ɗauka dabarar gudu ce, don haka ka kira su a gabansa, ka bar shi ya ɗauki hoton takardar.

Yanzu ga na kawu. Tasa cikakkiya ce, ta gaske, bai taɓa fashin biya ba. Da na isa wurin an riga an janye motar zuwa garejin bakanikensa a Sabon Gari, direban tifa ya roƙi gafara ya tafi.

Na ce, "Kawu, ka ɗauki hoto?"

Ya ce, "Hoton me, ɗana? Ai Allah ya tsare rai."

Bai rubuta lambar tifar ba, bai je wajen 'yan sanda ba. Aka buga ƙofa, aka canza fitila, aka yi fenti. Sai bayan mako uku ya tuna da inshora, ya tattara rasidai muka tafi. Ma'aikacin ya zagaya motar tana ƙyalli, ya ce, "Baba, to me za mu duba?" Na ji zafin maganar a ranar, amma da na natsu na ga gaskiyarsa. Kamfani ba ya biyan ɓarnar da bai gani ba. Yana da injiniyan da yake turawa ya duba mota, ya kwatanta da ƙiyasin bakanike, sannan a ba da izinin gyara. Wanda ya gyara kafin wannan izini ya shafe shaidarsa da hannunsa.

Abin yi a wurin hatsari ba shi da yawa. Kafin a matsar da motoci, ɗauki hoto ta kowane gefe, lambobin motocin su fito, titin ma ya fito. Karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da suka gani. Kira kamfani ko wakilin da ya yi maka inshorar a ranar, sannan ka bi da saƙo a rubuce, domin kiran waya ba ya barin sawu. Kowace takarda tana da wa'adin sanarwa, nemo naka ka sani tun yau. In akwai rauni, ko sata, ko wata mota a ciki, rahoton 'yan sanda ba makawa. Mutanenmu suna gudun ofishin 'yan sanda kamar gidan maciji, na sani, amma rashin wannan takarda ɗaya ya fi komai tsayar da fayil. Kuma ka ce wa bakanike kada ya yar da ko ƙusa ɗaya daga kayan da aka cire.

Akwai masu bin duk ƙa'ida, a biya su, amma su fito suna ƙunƙuni saboda kuɗin bai kai abin da suka sa rai ba. Abu uku ne ke cin kuɗin, kuma duka a rubuce suke a takardar da ba mu karantawa.

Babbansu darajar mota. Tun da naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya yi tashin gwauron zabo, amma mutane suna sabunta inshora a kan tsohon farashi don kuɗin shekara ya yi sauƙi. A ce ka rubuta motarka miliyan 4, kana biyan 200,000, alhali a kasuwa yau ta kai miliyan 8, wanda kuɗinsa 400,000 ne. Ranar da aka sace ta, miliyan 4 ce iyakar abin da za ka gani. Wasu kamfanonin ma ko a ƙaramin gyara sukan yi lissafi da wannan gibi, su ce tunda rabin daraja ka yi wa inshora, rabin gyara za su biya. Ƙara farashi fiye da kima shi ma asara ce, don ba za a ba ka fiye da abin da motar take yi a kasuwa ba. Duk shekara ka leƙa wajen dillalan mota ka ji nawa irin taka take, ka rubuta gaskiya.

Na biyu shi ne kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowane hatsari, wanda suke rubutawa excess. In naka 50,000 ne, gyara ya ci 300,000, to 250,000 za a ba ka, ba a cuce ka ba. In gyaran bai kai kason ba, kada ma ka wahalar da kanka. Wasu kamfanoni sukan cire wannan sharaɗi in ka ƙara ɗan kuɗi tun farko, ka tambaya. Na uku kuwa, in za a sa sabon abu a madadin tsoho, musamman taya da batir, sukan rage wani abu saboda wanda ya lalace ɗin ya riga ya sha aiki.

Wasu kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Ka yi inshorar motar gida, kana ɗaukar fasinja daga Samaru zuwa Kaduna don rage kuɗin mai: ranar tsautsayi in aka gano kabu-kabu kake yi, magana ta ƙare. Ka ba ɗanka ko yaron shago mota ba shi da lasin tuƙi, ko naka lasin ya mutu: haka. Ka sayi mota hannu ka ci gaba da yawo da inshorar mai ita na da: ba taka ba ce, ba ta bin mota kamar taya. Ka karɓi takarda da alkawarin biya ƙarshen wata: dokar inshora a Najeriya ba ta san bashi ba, in ba a biya ba babu kariya. Mazauna kusa da kogin Kubanni da duk inda ruwa ke kwanciya da damina, ku tambaya ko ambaliya tana cikin taku, haka ma ɓarnar tarzoma, domin sau da yawa sai an ƙara su daban. Ƙara wa ƙiyasi gishiri kuwa, wato haɗa baki da bakanike a cusa tsohon ciwon giyar mota cikin hatsarin bamba, injiniyoyin nan sun ga irinsa sau dubu, kuma ƙarya ɗaya tana iya rushe har gaskiyar da ke cikin fayil ɗin.

Ga masu ƙyamar inshora saboda addini, wanda shi ne dalilin da ya sa wasu ke sayen ta jabu da gangan don kawai su wuce shinge, akwai takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Tsarin na gudummawa ne cikin asusu ɗaya don taimakon wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an samu rara a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Sai dai kada ka ɗauka a can ba a tambayar hoto da rahoton 'yan sanda. Sharuɗɗan neman diyya kusan duk ɗaya ne.

To, laifin kamfanoni. Akwai jan ƙafa, ba ƙarya ba ne. Yau a ce kawo kwafin lasin, ka kawo, bayan mako biyu a ce saura ƙiyasi na biyu, sai kuma a ce fayil yana hedikwata a Legas. Da yawansu ba su da ofis a Zariya, sai ka je Kaduna ko Kano, kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura, kuma ina zargin wasu haƙurin nan suke jira. Kuskurenmu a nan shi ne yin komai da baki. Ranar farko ka nemi a rubuta maka jerin duk takardun da ake so, ka nemi lambar fayil ɗinka. Duk abin da ka miƙa ka riƙe kwafi, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata. In an ƙi biya, ka ce a rubuto dalili da sharaɗin da aka dogara da shi. Idan suka kawo takardar sallama, wadda sa hannu a kanta ke nufin ka karɓi adadin a matsayin biya na ƙarshe, karanta adadin sau biyu. Bayan ka sa hannu babu sauran ciniki. In bai yi maka ba, ka mayar da amsa a rubuce tare da ƙiyasin wani garejin. In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma wasiƙar da aka rubuta a ƙasanta cewa an aika wa hukumar kwafi ba a ajiye ta kamar sauran.

Kawu dai bai tashi a tutar babu ba. Allah ya sa bakaniken bai sayar da tsohuwar fitilar da ƙarfen gefen ga 'yan gwangwan ba, wani yaron gareji kuma ya ɗauki hoton motar ranar da aka janyo ta, don ya nuna wa abokansa. Da waɗannan, da wasiƙu uku, aka biya shi abin da bai kai rabin kuɗin da ya kashe ba. Yanzu lambar kamfanin tana rubuce da jan biro a jikin abin tare rana na motarsa, a ƙasanta ya ƙara da hannunsa: hoto tukuna.